Wa Ya Ce Sai Haƙuri?

Akwai ƙorafin da ake yawan ji a bakin 'yan boko, musamman waɗanda suka karanta adabi, wai Bahaushe da tsofaffin maganganu yake rayuwa. Kome ya faru, amsarsa tana ajiye: in an yi rashi, sai haƙuri, in mota ta kife, ƙaddara ce, in an ɗauki alkawari, in sha Allahu, in an tambayi lafiya, sai godiya, ko da mutum bai runtsa ba saboda zazzaɓi. A ganinsu waɗannan maganganu sun ji jiki har ba sa ɗauke da komai, kuma jama'ar da ta dogara da su ta daina tunani. Mizanin da suke awo da shi daga aji suka ɗauko shi. Turawan Ingila sun ari kalmar cliché daga Faransawa, asalinta kuwa a gidan ɗab'i take: farantin ƙarfe ne da ake zuba rubutu a kansa sau ɗaya, a yi ta bugawa ba tare da an sake jera haruffa ba. Da ita suke kushe duk jimlar da aka yi ta faɗa har ta daina tsayar da mai karatu, ita ce kuma malamin Ingilishi yake ja wa jan biro a takardar ɗalibi. Abin tambaya shi ne, da gaske yawan faɗi ne yake kashe magana? Ni dai a ganina ba shi ba ne, kuma wanda ya ɗora laifin a kan maimaici ya saki reshe ya kama ganye.

Musulmi ba zai iya karɓar wannan mizani hannu bibbiyu ba, domin ibadarsa a kan maimaici aka gina ta. Salloli biyar na farilla raka'a 17 ne, kowace raka'a da Fatiha. Bayan sallama ga tasbihi 33, tahmidi 33, kabbara 33. A cikin Suratur Rahman aya ɗaya ta dawo sau 31. Ladanin da ke kiran salla a garin Darki yau, kalmomin da Bilal ya kira da su a Madina su yake kira da su, bai ƙara ba bai rage ba, kuma da zai ce ya gaji da su ya ƙirƙiro nasa, da mutanen gari sun sauke shi kafin azahar. Batijjane yana jan lazimi safe da yamma, istigfari ɗari, salati ɗari, hailala ɗari, shekara da shekaru. In da yawan faɗi yana cinye ma'ana, da babu maganar da ta kai kalmar shahada lalacewa, alhali ita ake laƙƙana wa mai gargara, ita kowa yake roƙon ya cika da ita. Adabinmu na baka ma haka yake. Yaro ba ya gajiya da jin buɗin tatsuniya iri ɗaya kowane dare, kuma in ka cire amshi daga waƙar Narambaɗa ko ta Mamman Shata ka rushe waƙar. Son sabon abu a kowace jimla ɗabi'ar rubutu ce da kasuwarsa. Marubuci yana neman a sayi littafinsa, mai karatu kuma yana iya komawa shafin baya in wani abu ya wuce shi. Wanda yake sauraro da kunne ba shi da shafin baya, sai an dawo masa da magana take zama.

A duba yadda ake ciniki ranar kasuwar Darki. Mai sayen hatsi ba ya tsayawa a kan buhu ya ce nawa. Sai ya yi sallama, ya ce, "Baba, ina gajiya, ya kasuwa, ya mutan gida?" Dattijon ya ce lafiya lau, kasuwa da godiya. A cikin wannan 'yar gaisuwa da babu labarin da aka ƙaru da shi, kowa ya auna ɗan'uwansa: baƙo ne ko ɗan gari, mai gaggawa ne ko mai natsuwa, dillali ne ko mai ci da iyali. Sannan a tura hannu cikin buhu a murza gero, a taya. In tayin bai yi ba, mai kaya ya ce albarka, kalma ɗaya da ta ƙi ciniki ba tare da ta ci mutuncin mai taye ba. In an daidaita ya ce na sallama, Allah ya sa albarka, an gama, ba takarda ba sa hannu. Waɗannan kalmomi kamar ƙotar tsohuwar fartanya suke, santsin da hannu ya yi mata shi ya sa take daɗin riƙo. Zaman makoki ya fi nuna haka. Mutum ya zo ya tuɓe takalmi a bakin tabarma, ya ce a yi salati, a ɗaga hannu, a shafa, sannan ya matsa ya ce, "Malam, ya haƙuri? Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta." Mutum ɗari za su faɗi haka kafin la'asar. Wanda ya zo da sabuwar jimla mai ƙyalƙyali don ya nuna fasaha, shi za a yi wa kallon marar hankali, domin ya mai da hankalin mutane kansa a ranar da ba tasa ba. Tsohuwar magana a nan ta sauke wa mai ta'aziyya nauyin neman abin cewa, ta sauke wa mai makoki nauyin neman amsa, ta bar abin da aka zo dominsa, wato zaman da kansa.

Duk da haka masu ƙorafin sun hango wani abu, kuma rashin adalci ne a ce ba su hango ba. A shekarar 1946 George Orwell ya rubuta maƙala a kan siyasa da harshen Ingilishi, ya nuna yadda ɗan siyasa yake harhaɗa shiryayyun jimloli su yi tunani a madadinsa, har ya kare abin da ba zai iya karewa ba in da a fili ya faɗe shi. Hannah Arendt ta halarci shari'ar Adolf Eichmann a Ƙudus a 1961, kuma a littafin da ta fitar a 1963 ta lura cewa wannan mutum, wanda ya tsara jigilar ɗimbin Yahudawa zuwa sansanonin kisa, kusan ba ya buɗe baki sai da haddatattun jimloli irin na ofis, sun zame masa katanga tsakaninsa da abin da hannunsa ya aikata. Ba sai mun je Turai ba ma. Suratu Yasin ta ba da labarin mutanen da in an ce su ciyar daga abin da Allah ya ba su, sai su kawo hujjar cewa in da Allah ya so ai da ya ciyar da mabuƙacin da kansa. A zahiri maganar tauhidi ce, babu ƙarya a lafazinta, amma Alƙur'ani ya lissafa ta cikin maganganun kafirai. Haka bayan yaƙin Siffin na shekarar 657, da Khawarijawa suka ɗauki taken cewa hukunci na Allah ne shi kaɗai, Sayyidina Ali ya bayyana taken da cewa gaskiya ce aka nufi ɓarna da ita. Taken nasu a lokacin sabo ne fil, bai kwana biyu a bakin mutane ba, amma ya riga ya zama fanko. Ashe ba shekaru ne suka ɓata shi ba.

Abin da ke ɓata magana shi ne a faɗe ta a gurbin aikin da ya hau kan mai faɗarta. Saboda haka ba sau nawa aka faɗa ya kamata a tambaya ba, sai dai wa ya faɗa, wa aka faɗa wa, kuma bayan an faɗa, nauyin a kan wa ya saura. Maƙwabcin da ya ce wa mai makoki sai haƙuri ya faɗi iyakar gaskiya, don ba shi da iko a kan mutuwa, abin da ya rage masa shi ne ya zauna, ya aiko da tuwo, ya kuwa yi. Amma maigidan da ya riƙe wa leburansa kuɗin aiki yana da su a aljihu, ya ce sai haƙuri, da mijin da ya bar gida ba cefane ya tafi majalisa ya ce wa mai ɗakinsa sai haƙuri, da direban da ya san birkinsa ba ya ci tun daga Wudil amma ya cika mota da 'yan kasuwa, ya zo asibiti yana cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, waɗannan lafazinsu ɗaya da na maƙwabcin, hukuncinsu daban. Sun ɗauki nauyin da ke wuyansu sun rataya wa wanda suka cuta, suka kuma rufe masa baki da kalmar da kunya da imani ba za su bar shi ya musa ba. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai ɗauke da mutanen ƙauyen Badau, galibinsu ɗaliban Islamiyya da za su tafi taron Mauludi. An tsamo gawarwaki fiye da ashirin, kuma bayanan da suka fito sun nuna an yi wa jirgin lodi fiye da ƙarfinsa. Babu Musulmin da zai ce wannan ya fita daga ƙaddara. Amma lodin ma mutum ne ya yi shi, kuɗin jirgi mutum ne ya karɓa, kuma akwai waɗanda aikinsu ne su hana. Lokacin da Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham saboda annoba, Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna masa cewa juyawar ma cikin ƙaddara take. Sahabbai ba su ɗauki kalmar a matsayin wurin da tunani yake tsayawa ba.

In sha Allahu ita ta fi shan wahala a hannunmu. Suratul Kahfi ta koyar da ita don wanda ya ƙudurta aikata abu gobe ya tuna cewa goben ba tasa ba ce, wato ƙuduri ne ya fara zuwa, sannan togaciya. Mu kuwa mun juya ta, ta zama abin da ake faɗa idan babu ƙudurin. Mai bin bashi ya tare abokin cinikinsa a rumfa ya ce, "Alhaji, maganar kuɗin nan fa?" Alhaji ya ce in sha Allahu kasuwa mai zuwa, duk su biyun sun san abin da ake nufi. Har ta kai tela in ya ce in sha Allahu kafin salla, mai ɗinki sai ya ce a'a, shi dai a faɗa masa rana. Duk wanda ke da kishin addini ya kamata wannan ya dame shi fiye da yadda yake damun malamin adabi, domin sunan Allah ne aka wayi gari in an ji shi a cikin alkawari gaban mutum yake faɗuwa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan bashi ta sauka, kuma abin da ta nema shi ne ajali ambatacce da rubutu da shaidu. Hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim kuma ya kira jan ƙafar mai hali wajen biyan bashi da sunan zalunci.

Mai ja zai ce na wanke maimaici da yawa, alhali kowa ya san yadda harshe yake gudu ya bar zuciya a baya: mutum ya yi raka'a huɗu yana lissafin buhunan da ya sayar, ya ja carbi ɗari idonsa na kan waya. Gaskiya ne, kuma malamai sun riga mu gani. Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi dogon bayani a Ihya'u a kan halartowar zuciya a salla da abubuwan da ke kore ta. Sai dai maganin da suka bayar ba rage maimaici ba ne. Ibn Aɗa'illah, mai littafin Hikam da ake karantawa a zaurukan Kano, ya yi nasiha cewa kada rashin halartowar zuciya ya sa mutum ya bar zikiri, domin barinsa gaba ɗaya ya fi gafala a cikinsa muni, kuma ana sa ran daga zikirin gafala a ɗaga mutum zuwa na farkawa. Gafala irin wannan rauni ce, tsakanin bawa da Ubangijinsa take, ba ta ci haƙƙin kowa ba. Gafalar da Alƙur'ani ya yi wa narko mai tsanani a Suratul Ma'un kuwa, a dubi abokan tafiyarta: ture maraya, ƙin kwaɗaitar da ciyar da miskini, riya, da hana aron ɗan abin amfani. Surar ba ta raba lalacewar sallar da haƙƙin mutanen da aka danne ba.

Wani kuma zai ce, wa ya ba ka ikon shiga zuciyar mutane? Wataƙila direban da gaske yake ganin tsautsayi ne, wataƙila Alhaji da niyyar biya ya faɗa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Usama ɗan Zaidu faɗa mai tsanani da ya kashe mutumin da ya furta shahada bisa zaton tsoro ne ya sa shi, ya tambaye shi ko ya tsaga zuciyarsa ya gani. Wannan hujja ce mai ƙarfi, amma ba ta taɓa abin da ake magana a kai ba, domin awon da na kawo ba ya buƙatar tsaga zuciya. Abin da ya biyo bayan magana ake dubawa, shi kuwa a fili yake. Fiƙihunmu ma a kan zahiri yake tafiya. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure, ga shi kuwa babu wanda ya nufa, babu abin da ya fi shi cancantar a kira shi ƙaddara. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda kusan duk almajirin ilimi a ƙasar Hausa ya bi ta kanta, ta ɗora wa mai sana'a lamunin kayan mutane da suka salwanta a hannunsa a bayan idonsu, ta kuma ɗora wa mahayin dabba da mai janta da mai kora ta alhakin abin da ta taka. Inda ta ɗauke lamuni daga mai jirgin ruwa, masu sharhi sun bayyana cewa inda iska ko igiyar ruwa ta fi ƙarfinsa ake nufi, ba inda ya yi sakaci ba. Malaman da suka rubuta waɗannan hukunce-hukunce sun fi mu imani da ƙaddara, amma ba su ga karo tsakanin a ce Allah ya ƙaddara da a ce wane zai biya ba.

Jayayyar da ta fi nauyi a wurina ita ce ta zaman lafiya. A gari kamar Darki, inda mai bin bashi da wanda ake bi sahu ɗaya suke a masallaci, wataƙila ma surukai ne, magana mai laushi ita ke hana ƙaramin abu zama gaba ta shekaru. Bahaushe ya ce haƙuri maganin zaman duniya, kuma bai faɗa don wasa ba. Wanda ya ce wa almajiri Allah ya ba da haƙuri ya fi wanda ya daka masa tsawa. Alƙur'ani ma a Suratul Isra'i ya yi umarni da tattausar magana ga mai roƙo, amma ga wanda ba shi da abin bayarwa yana jiran buɗi. Sharaɗin ke nan. Laushin harshe ado ne ga wanda hannunsa bai kai ba, ga wanda hannunsa ya kai kuwa ya zama mayafi. Zaman lafiyar da kullum mutum ɗaya ne yake biyan kuɗinsa, leburan, ko matar, ko marayan, kwanciyar ƙura ce kawai, kuma masu unguwanni da alƙalai sun san yadda irin wannan haƙuri yake fashewa ranar rabon gado.

Su kuma masu kushe tsofaffin maganganu, ya kamata su saurari nasu. Za a kafa kwamiti mai ƙarfi, gwamnati ba za ta lamunta ba, za a zauna da masu ruwa da tsaki, talaka zai sha romon dimokuraɗiyya, an ɗauki ƙwararan matakai. Yawancin waɗannan a rediyo da jarida aka haife su, wasunsu ba su girmi komawa mulkin farar hula a 1999 ba, amma tuni mai sauraro ya daina jin su. Sannu kuwa kakannin kakanninmu sun faɗe ta, har yau in aka ce wa mai ɗauke da kaya sannu yana jin sanyi a ransa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi rubuce-rubuce yana raddi ga ɗaliban da ke kafirta talakawa don ba su iya kawo hujjojin ilimin tauhidi irin na littafi ba, ya tsaya a kan cewa imanin mutumin da ya furta shahada ya yi aiki da ita karɓaɓɓe ne. Shi ɗin dai ne kuma ya fito da zaluncin sarakunan zamaninsa ƙarara a Kitabul Farƙ, ga su kuwa suna salla suna ambaton Allah. Bai tuhumi talaka da ƙarancin kalmomi ba, mai iko ya tuhuma da abin da ya yi da ikonsa.

Saura wuri ɗaya mai wuya, wato inda wanda aka cuta ne da kansa yake faɗar maganar. Uwar da ɗanta ya nutse, ta ce haka Allah ya ƙaddara, kwanansa ne ya ƙare. Babu mai hankalin da zai je ya ce mata tana magana da tsohuwar jimla. Gaskiya ta faɗa, kuma da ita take tsaye da ƙafafunta. Malamai irin su Ibn Taimiyya, da suke sharhin hadisin muhawarar Annabi Adamu da Annabi Musa, sun bambance cewa ana kafa hujja da ƙaddara a kan musibar da ta sami mutum, ba a kan laifin da ya aikata ba. Maganar halal ce a bakin uwar, amma faɗarta da ta yi bai mayar da ita halal a bakin mai jirgin ba. Matsalar tana shigowa ne lokacin da dattawa suka taru a zaure don sulhu, a yi ta jan ayoyin haƙuri har sai an ji magada sun ce mun yafe, ba tare da kowa ya zaunar da su ya faɗa musu cewa Shari'a ta ba su diyya, ga adadinta, ga wanda za ta hau kansa. Ayar Nisa'i ta bar wa iyalan mamaci damar su yafe a matsayin sadaka, sadaka kuwa da abin da mutum ya san nasa ne ake yin ta. In a cikin magadan akwai yara ƙanana, malaman fiƙihu ba su ba waliyyi damar ya yafe rabonsu haka kawai don a ce masa mutumin kirki ba, kuma sau da yawa a irin wannan zama ba a ko ambaci sunayen yaran.